Babi na Biyar: Amanar Harafi a Kan Wayar Tarho

Mun riga mun bayyana a babin da ya gabata yadda kwamfutocin farko suka kasance manya ƙwarai, masu tsadar gaske, har ya zamana jami'a ko ma'aikata ba ta iya mallakar fiye da ɗaya ko biyu, a ajiye su cikin ɗaki mai sanyi wanda ba kowa ke da iznin shiga ba. Abin da ya rage mu duba yanzu shi ne yadda mutumin da ke nesa da wannan ɗaki, ko a wani bene yake ko a wani gari, ya riƙa kai rubutunsa ga kwamfutar, ya gyara shi a can, ya kuma ɗauko shi, a zamanin da babu abin da ya sada su sai wayar tarho, wadda tun asali domin muryar ɗan Adam aka shimfiɗa ta. Wannan waya tana da aibi biyu, watau nawa da rashin amana, kuma duk wata hikima da za mu ambata a wannan babi, daga neman maganin aibin nan biyu ta fito.

Tasha da waya

Na'urar da mai aiki ke zama gabanta, wadda muke kira tasha, ba ta da ƙwaƙwalwar lissafi ko kaɗan; iyakacin aikinta shi ne ta aika harafin da aka danna, ta kuma nuna harafin da ya zo mata. Ta farkon da ta yi suna ita ce Teletype samfuri na 33, wadda ta fito a 1963, tana buga haruffa goma cikin daƙiƙa a kan naɗaɗɗiyar takarda, da ƙara kamar ta keken ɗinki. Daga baya aka sami masu fuskar gilashi, irin ADM-3A ta kamfanin Lear Siegler a 1976, da VT100 ta kamfanin DEC a 1978, wadda fuskarta ke ɗaukar layi 24, kowane layi haruffa 80.

Tsakanin tasha da waya kuwa akwai modem, wanda aikinsa shi ne ya mai da haruffa su zama sauti mai kama da fito, domin su iya bin hanyar da murya ke bi, ɗan'uwansa da ke ɗaya ƙarshen ya sake mai da su haruffa. Samfurin Bell 103, wanda ya fito a 1962 ya kuma daɗe yana zama ma'auni ga saura, yana ɗaukar bit 300 cikin daƙiƙa. Da yake kuma kowane harafi bit goma yake ci a kan waya idan an haɗa da alamar farawa da ta tsayawa, sai lissafin ya tsaya a haruffa 30 kacal. Mutane da yawa a lokacin sai sun buga lambar da hannunsu, su saurara har su ji fiton modem na can, sa'an nan su cusa kan tarhon cikin wasu kofuna biyu na roba. Sai a 1981 ne kamfanin Hayes ya fito da Smartmodem, wanda ake rubuta masa umurni mai farawa da haruffan AT ya buga lambar da kansa.

To, mai karatu ya yi wannan ɗan hisabi tare da mu. Layi 24 sau haruffa 80 ya ba da 1,920. Idan aka raba da 30, za a ga cika fuskar gilashi sau ɗaya tak yana cin fiye da minti guda. Fayil mai haruffa 100,000, wanda bai wuce ƙaramin littafi ba, sai ya kusa cin sa'a guda, alhali kuwa kuɗin waya na ta hawa. Wannan shi ne aibin nawa. Na rashin amana kuwa ya fi shi muni, domin walƙiya, ko tsohuwar waya mai ɗanshi, ko wani a gidan ya ɗaga ɗaya kan tarhon bai sani ba, kowanne yana isa ya juya bit guda. Mutum biyu masu hira ba su damuwa da ɗan ƙugi a waya, hankalinsu yana cike musu abin da kunne ya rasa. Amma manhajar kwamfuta, in harafi ɗaya ya sauya a cikinta, tana iya ƙin tashi gaba ɗaya, ko kuwa, abin da ya fi hatsari, ta tashi ta ba da amsar ƙarya.

Gyaran rubutu daga nesa

Wanda ya saba da na'urorin yau zai yi mamakin jin cewa masu gyaran rubutu na farko ba su ganin shafin da suke gyarawa. Manhajar ed, wadda Ken Thompson ya rubuta domin tsarin Unix, an yi ta ne domin tasha mai buga takarda, saboda haka sai mutum ya riƙe surar rubutunsa a ka, ya ce mata ta nuna layi kaza, ta musanya kalma kaza da kaza, ta share daga nan zuwa can. In ya yi kuskure kuwa, duk jawabin da za ta ba shi alamar tambaya ce guda ɗaya. Waɗanda ba su san dalili ba sukan ɗauki wannan a kan rowar magana, alhali kuwa tattali ne, gama kowane harafi na jawabi lokaci ne da takarda.

Sa'ad da tashoshin gilashi suka yawaita, sai wani ɗalibi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, mai suna Bill Joy, ya soma aikin da ya haifi vi wajen 1976, manhajar da ke nuna shafi sosai mutum yana kai da kawowa a cikinsa. Shi da kansa ya sha faɗin cewa a kan modem mai bit 300 ya yi aikin, kuma alamun haka suna nan cikin manhajar har yau. Umurninta gajeru ne matuƙa: dw ya share kalma, dd ya share layi, a sa lamba a gaba umurnin ya maimaitu sau adadinta. Haruffan h da j da k da l su ne ke matsar da manuni hagu da ƙasa da sama da dama, domin a kan waɗannan madannai ne aka zana kibiyoyi a ADM-3A wadda ya yi aiki da ita. Idan kuwa waya mai nawa ce kuma tashar ba ta iya share layi da kanta, to, maimakon vi ta sake zana dukkan abin da ke ƙasa, sai ta aje alamar @ a gurbin layin da aka share, ta bar sauran yadda suke har mai aiki ya nemi a sabunta masa.

Wata mas'ala kuma ita ce, kowane kamfani da irin ishararsa ta cewa a share fuska ko a kai manuni wuri kaza, har ya zama isharar da VT100 ke fahimta, wata tashar sai ta watsa ta a fuska kamar zanen kaza. Domin haka aka tattara siffofin tashoshi cikin wani kundi mai suna termcap, wanda shi ma a Berkeley aka tsara shi, manhaja ta duba ciki ta san yaren da za ta yi wa kowace. Duk da haka ƙugin waya bai bar mai gyara ya huta ba, domin vi ba ta da hanyar rarrabe harafin da ɗan Adam ya danna da wanda walƙiya ta jefo, kuma tun da kusan kowane harafi umurni ne gare ta, ƙugi guda yana iya share abin da aka wuni ana rubutawa.

Ƙaramar kwamfuta ta yi shigar tasha

Daga ƙarshen shekarun 1970 ƙananan kwamfutoci suka fara shiga gidaje da ofisoshi, kowace da ƙwaƙwalwarta da faifanta na ajiya. Nan da nan aka gane cewa da 'yar manhaja kaɗan ƙaramar kwamfuta za ta iya kwaikwayon VT100 har babbar kwamfuta ba ta gane bambanci ba. Irin waɗannan manhajoji su ne PC-Talk ta Andrew Fluegelman a 1982, da Crosstalk, da Procomm, da Telix, waɗanda ke riƙe da littafin lambobin waya, su buga, su kwaikwayi tasha. Da samun haka sai dabara ta sauya: mutum ya ɗauko fayil ɗinsa, ya kashe waya, ya gyara a natse da manhaja irin WordStar ba tare da kuɗi na hawa ba, sa'an nan ya sake bugawa ya mayar. Ashe ke nan gyaran rubutu ya koma ya rataya a kan ɗaukar fayil, ɗaukar fayil kuwa ba ta da amfani sai in kofen ya zo daidai da asali.

Hanyar farko da aka bi ita ce a umurci babbar kwamfuta ta zubo fayil a fuska, ƙaramar tana tare duk abin da ya wuce tana rubutawa a faifai. Amma tana tarewa har da ƙugin, kuma ba mai sanin inda ɓarnar take sai an bi layi layi. Malaman da suka gāji kwafar littattafai da hannu sun daɗe da sanin maganin wannan cuta, watau muƙabala: in an gama kwafe juzu'i, ɗaya ya riƙe asali ɗaya ya riƙe kofe, a karanta a gwada, a sa alama a hashiya cewa tahaƙiƙi ya kai nan, kafin a wuce gaba. Abin da masu kwamfuta suka nema ke nan, sai dai su injunan biyu suke so su yi wa juna muƙabalar, cikin ƙiftawar ido, a kan wayar nan da ake tuhuma.

Wanda ya fara sanya wannan a hannun talakan masu kwamfuta shi ne Ward Christensen, ma'aikacin IBM mazaunin yankin Cikago, wanda a 1977 ya rubuta ƙa'idar da daga baya aka sani da XMODEM, ya kuma sake ta kyauta ga duk mai so. Tsarinta mai sauƙi ne. A yanka fayil ƙunshi ƙunshi, kowanne bayit 128. A sa wa kowane ƙunshi lambar jeri a gaba. A tara ƙimar dukkan bayit ɗin da ke ciki, a liƙa abin da ya rage bayan rabawa da 256 a baya a matsayin shaida. Mai karɓa ya yi nasa tarin. In jimla ta dace ya ce na'am, a aiko na gaba, in ta saɓa ya ce a'a, a maimaita wancan ƙunshin kaɗai. Shaidar tana da rauni, gama in haruffa biyu suka yi musayar wuri jimla ba ta canjawa, shi ya sa daga baya aka maye gurbinta da wani lissafi mai bit 16 wanda ya fi tsanani. Ban da haka XMODEM ba ta aika sunan fayil, kuma ta ɗora sharaɗin cewa hanya za ta bar kowane irin bayit ya wuce ba tare da ta taɓa shi ba. Tsakanin ƙananan kwamfutoci biyu wannan sharaɗi yakan cika. Tsakanin ƙarama da babba kuwa sau da yawa ba ya cika.

Ƙa'idar Kermit

A nan ne labarin ya koma Jami'ar Kolumbiya da ke birnin Niyok. A 1981 jami'ar tana da manyan kwamfutoci iri biyu waɗanda ba su jituwa: DECSYSTEM-20, mai kalma ta bit 36, da na IBM, waɗanda ke rubuta haruffa da tsarin EBCDIC maimakon ASCII na sauran. Wurin ajiya ya yi ƙaranci, ɗalibai sun yi yawa, kuma ana bukatar hanyar da kowane ɗalibi zai kwashe aikinsa a faifan filofi ya tafi da shi, ya dawo da shi sa'ad da ya so. Aka ɗora wa mutum biyu, Bill Catchings da kuma Frank da Cruz, wannan aiki, suka tsara ƙa'idar da suka sa wa sunan Kermit, kwaɗon nan na wasan 'yar tsana na Muppets, da yardar masu shi daga baya.

Abin da ya bambanta su da Christensen shi ne sun fara da munana zato ga hanya, suka ɗauka cewa duk abin da zai iya ɓaci zai ɓaci. Ƙofar shiga ta DEC-20 an gina ta ne domin saurin yatsun mutum, in aka antaya mata dogon zubi sai ta shaƙe. Saboda haka suka taƙaita ƙunshi, bai wuce haruffa 94 ba. Injunan IBM ba su sauraro suna magana a lokaci guda, sai layi ya ƙare. Saboda haka kowane ƙunshi ya zama layi guda, ana karɓa-karɓa. Hanyoyi da yawa bit bakwai kawai suke wucewa da shi, suna kuma haɗiye haruffan iko ko su yi aiki da su, misali wanda ke cewa a dakata da wanda ke cewa a ci gaba; saboda haka Kermit ta sa wa irin waɗannan haruffa rigar haruffan bugawa, ta gabatar da alamar # kafin harafin iko, da alamar & kafin mai bit na takwas, mai karɓa ya tuɓe rigar a can. Kowane ƙunshi yana ɗauke da tsawonsa, da lambar jerinsa, da harafi guda mai faɗin irinsa: S na buɗe magana, F na sunan fayil, D na matani, Z na ƙarshen fayil, Y na amincewa, N na ƙi, E na sanar da matsala.

Ƙunshin nan na farko shi ne zuciyar hikimar. Kafin a aika komai, ɓangarorin biyu sukan gaya wa juna iyakar ƙarfinsu, tsawon da kowa zai iya karɓa, da tsawon jiran da zai yi kafin ya ɗauka saƙo ya ɓata, da irin shaidar da ya iya lissafawa, sa'an nan su yi ittifaƙi a kan abin da mai rauni a cikinsu zai iya ɗauka. Da wannan ne ya yiwu a riƙa ƙara wa ƙa'idar sababbin dabaru shekara da shekaru, amma sabuwar manhaja ba ta daina fahimtar tsohuwa ba. Haka kuma Kermit ta lura cewa injuna ba su yi ijma'i ko a kan yadda ake ƙare layi ba: Unix da alama ɗaya, MS-DOS da CP/M da biyu a jere. Sai ta sa mai aikawa ya juya rubutu zuwa sura guda da aka yarda da ita a kan waya, mai karɓa ya juya shi zuwa al'adar gidansa. Wannan ya wajabta wa mai aiki ya faɗa tun farko ko fayil ɗin rubutu ne ko manhaja, gama juyin da ke gyara rubutu shi ne ke lalata manhaja.

Yadda ake aikin a aikace kuwa, mutum zai tada Kermit a ƙaramar kwamfutarsa, ya daidaita sauri, ya ba da umurnin CONNECT, nan take injinsa ya zama tasha. Ya shiga babbar kwamfuta da sunansa da kalmar sirri, ya tada Kermit ta can, ya ce mata SEND da sunan fayil. Sa'an nan ya danna wasu madannai na musamman ya dawo gida ba tare da ya yanke waya ba, ya ce wa tasa RECEIVE, ya zauna yana kallon ƙidayar ƙunshi da ta maimaici suna hawa. Daga baya aka sauƙaƙa, a ce wa ta can SERVER, ta zauna tana jiran umurni daga ta nan.

Jami'ar ta bar ƙa'idar a buɗe, tana raba manhajar a kan kaset ɗin maganaɗisu ta gidan waya, masu sa kai a ƙasashe dabam dabam suna rubuta ta domin injunansu suna maido wa Kolumbiya, har ta kai ga ɗaruruwan nau'o'in kwamfuta. Mujallar BYTE ta buga bayaninta a 1984, Frank da Cruz ya fitar da littafi a kanta a 1987, Joe Doupnik na Jami'ar Jihar Yuta kuma ya raini ta MS-DOS har ta zama ɗaya daga cikin mafiya iya kwaikwayon tashoshin DEC. Jami'ar ba ta janye hannunta daga aikin ba sai a 2011, bayan shekara 30.

Saɓani a kan sauri

Ba a rasa masu suka ba, kuma sukarsu tana da hujja. Gajeren ƙunshi, da rigar da ake sa wa haruffa, da tsayawa jiran na'am bayan kowane ƙunshi, duk suna cin lokaci, wanda ke biyan kuɗin waya daga aljihunsa kuwa ba ya son jin wa'azin haƙuri. Chuck Forsberg ya fito da YMODEM mai ƙunshin bayit 1,024 da sunan fayil, sa'an nan a 1986 ya fito da ZMODEM, wadda ke zuba ƙunshi a jere ba jira, sai in mai karɓa ya yi ƙorafi ta koma inda aka yi kuskure, kuma in waya ta yanke a tsakiya tana iya ɗorawa daga inda aka tsaya. Masu ƙananan kwamfutoci suka rungume ta. Kermit ita ma ta sami dogayen ƙunshi da damar aika da yawa kafin amsa ta zo, amma da yake manhajojin kasuwa da yawa tsohuwar surarta kawai suka ɗauka, sunan nawa ya bi ta.

Gaskiyar al'amari ita ce maƙasudinsu ya bambanta. Forsberg ya nemi mafi sauri a kan hanya mai kyau, mutanen Kolumbiya kuwa suka nemi abin da zai isa ko ta wace hanya, zuwa ko wane inji. Wannan niyya ce ta kai su, a ƙarshen shekarun 1980, ga juya haruffan harsuna tsakanin tsare-tsare masu saɓani, na Rashanci da Ibrananci da Japananci da na Turai ta Yamma, domin ASCII mai gurbi 128 Ingilishi kaɗai ya yi wa tanadi. Mai rubuta Hausa ya san zafin wannan ƙunci, gama ɓ da ɗ da ƙ ba su da gurbi a ciki, sai tsarin Unicode da ya fara fitowa a 1991 ne ya ba su lambobi tabbatattu waɗanda kowane inji zai iya yarda da su.

Ba Christensen ko Frank da Cruz ne suka ƙago yanka saƙo da lambar jeri da shaida da maimaici ba. Masanan sadarwa sun san su tun kafin haka, kuma ƙa'idar TCP da intanet ke tafiya a kanta, wadda aka tabbatar da nassinta a 1981, da su take aiki. Falalar mutanen nan ita ce sun kawo wannan ilmi ga ɗalibi da ɗan kasuwa da ma'aikacin asibiti, waɗanda ba su da komai sai wayar gida da modem mai arha, suka kuma bar shi a buɗe domin kowa ya karanta ya gyara. Sai dai duk abin da muka bayyana magana ce tsakanin inji biyu kawai, a kan waya guda, wadda in ɗaya ya riƙe ta ba mai iya shiga. Yadda aka yi ƙunshin mutane dubu suka riƙa bin waya ɗaya ba tare da sun cakuɗe ba, shi ne abin da za mu ɗauka a babi na shida, in Allah ya yarda.